Ni Na Ƙirga Mujallar Yaya Isiyaku

Shekara goma ke nan cif da rasuwar yayana, Lauya Isiyaku na Hayin Banki. Duk shekara in watan ya zagayo nakan dafa abinci in rabar, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Ina neman fitowa ta shida ta mujallar shari'a da ya shirya, mai koren bango, kuma ina nemanta kafin Talata ta sama, domin a ranar kotu za ta yanke ko wata dattijuwa a Katabu za ta ci gaba da zama a gidanta ko za a fitar da ita. Na karaɗe Kaduna ban samu ba. Abin da ke cin raina shi ne, da hannuna a ɓacewarta.

Waɗanda ba su san Yaya ba, lauya ne da ya ajiye rigar lauyoyi tun da sauran ƙarfinsa, ya koma shirya wa wata ƙungiyar lauyoyi da malaman shari'a mujalla, sau biyu a shekara. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a Doka, a saman shagon wani tela. Sauran mujallu suna ta fama da dokar kamfanoni da tsarin mulki, shi kuwa gado ne, da iyakar gona, da rikicin rumfar kasuwa. Ya hau Basfa ya bi ƙananan kotuna, ya zauna a benci yana kwafe tsofaffin hukunce-hukunce daga rajista da hannunsa. Yana kuma koyar da alƙalai idan an tara su kwas. Ni ƙanwarsa nakan tsokane shi da lauyan kaji da awaki. Sai ya yi dariya ya ce, to ai masu kajin ne suka cika kotu.

Ni kuma a lokacin ma'aikaciya ce a wani laburaren shari'a. Da takarda ta yi tsada, hukumar da ke ɗaukar nauyin buga mujallu uku, har da ta Yaya, ta ce ɗaya kawai za ta iya ci gaba da bugawa. Aka kafa kwamiti, aka ba wani farfesa shugabanci. Ya zo da hanya mai sauƙin faɗa: a duba fannin da kowace mujalla ta fi mai da hankali a kai, sannan a ƙirga sau nawa aka ambace ta a wasu mujallu da littattafai da hukuncin kotuna. Wadda aka fi ambato ita ce mai tasiri. Ba zan zalunce shi ba, hanyar ba ta wauta ba ce, ta fi a zauna a zaɓi ta aboki. Aka ce ni zan yi ƙirgar, tunda na san kantocin. Na ce musu ɗaya ta yayana ce fa, uwa ɗaya uba ɗaya. Farfesan ya ce, "Ai ba ra'ayinki muke nema ba, Malama Hadiza, ƙirga ce kawai."

Na samo kwalayen sabulu uku, kowace mujalla da nata. Duk inda na ga an ambaci mujalla da suna, sai in rubuta a kati in jefa a kwalinta. Wata biyu ina wannan aiki. Kwali biyu suka cika har ina danna su da hannu. Na Yaya kuwa, in ka leƙa kana ganin ƙasansa. Da farko na ɗauka ni ce ban iya dubawa ba, na sake bi daga farko. A nan ne hankalina ya tashi, don na fara gane muryarsa. Zan buɗe hukunci in ga jimlarsa sak, har da yadda yake jera hujja ta ɗaya, ta biyu, ya dawo ya rushe ta ɗayan. Ni da na tashi ina jin wannan bakin a tsakar gidanmu, zan kasa gane shi? Amma a gaban jimlar babu sunansa, babu sunan mujalla. Sai dai "kamar yadda wani malaminmu ya bayyana," ko "masana sun ce." Hukunci bayan hukunci, wani malaminmu, wani malaminmu. Wallahi har na tsani kalmar.

Na hau benensa a fusace. Na tarar da shi yana gyaran rubutun wani ɗalibinsa da jan biro, na tsaya a kansa ina kallo. Ɗalibin ya rubuta cewa Lauya Isiyaku ya yi bayanin wannan a fitowa ta uku, Yaya ya ja layi ya soke, ya rubuta "an yi bayani a baya." Na ce, "Yaya, me kake yi haka?" Ya ce, "Mutum ya buga yabon kansa a mujallar da shi ke shiryawa? Ina kunyar take?" Ashe shekara da shekaru haka yake yi. Ɗalibansa suna jin nauyin kama sunansa, wanda ya daure ya kama kuma, shi ya goge. Na zauna a kujerar baƙi.

Na kai wa farfesan hukunce-hukuncen, na ajiye su gefe da gefe da shafukan mujallar, na ce ya karanta da idonsa. Ya karanta, ya kuma yarda maganar Yaya ce. Amma ya ce idan ya buɗe wannan ƙofar, kowane edita zai zo ya ce "masana" shi ake nufi. Abin da ba a kama suna ba, ba ya shiga kwali. Ya ba ni mako biyu in kawo ambato na gaske, in akwai.

Na ja Yaya, yana turjewa, muka tafi Katabu wajen wani tsohon alƙali, Malam Bawa, wanda ya fi kowa yawan "wani malaminmu" a hukuncinsa. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya shiga ya fito da mujallun duka, ɗaure a cikin fatar da ake ajiye littattafan addini. Gefen shafukan ya yi baƙi saboda yawan buɗawa. Na ce, "Allah gafarta Malam, me ya hana ku rubuta sunansa?" Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "'Yata, takardar hukunci fa. Sunan mai ƙara yana ciki, sunan wanda ya ci amanar marayu yana ciki, sunan mai shaidar zur yana ciki. In ɗauki sunan wanda ya koyar da ni in jera shi da su? Allah ya kiyaye." Na yi masa bayanin kwalaye. Da ya gane, ya ce a ba shi takarda ya rubuta wa kwamiti wasiƙa yanzu-yanzu. Yaya ya riƙe masa hannu ya ce, "Malam, ban zo roƙon yabo ba, gaisuwa na zo." Wasiƙar Malam Bawa ta zo daga baya ba da sanin Yaya ba, kwamiti ya ce wasiƙa ba ambato ba ce.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ana saura kwana biyu wa'adin farfesan ya cika, bayan an tashi daga aiki da la'asar, na zauna na rubuta katunan ƙarya. Ba ƙarya tsagwaronta ba, hukunce-hukuncen na gaske ne, ni dai na sa sunan mujallar inda alƙali ya bar shi a buɗe. Ba wanda zai bi ya duba. Na cika kwalin har ya kusa kamo sauran. Sai wautar ƙanwa ta kai ni na gaya masa, wai don ya kwantar da hankalinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hadiza, mujallar shari'a za ki ceta da shaidar zur?" Na ce to ka ga ta mutu ke nan. Ya ce in Allah ya so. Na koma na tsince katunan ɗaya bayan ɗaya, na miƙa rahoto na gaskiya, na sa hannu. Rahoton ya ce fanninta ƙuntatacce ne, tasirinta kaɗan.

Aka dakatar da ita. Yaya bai daina hawa benen ba. Ya ci gaba da karɓar rubuce-rubuce yana gyarawa, yana cewa takarda za ta yi sauƙi. Bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Shekara biyu bayan nan hawan jini ya kayar da shi, kwana huɗu a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Bayan na bar aiki, laburaren ya rasa wurin ajiya, aka ce a rage mujallun da ba su da tasiri. Da wane ma'auni? Da rahotona. Aka kwashe ta Yaya aka sayar wa masu ƙosai da masu tsire. Wasu laburaren ma rahoton suka ara.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu ƙirgar nan ta zama ruwan dare, har kwamfuta aka kawo tana yi. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai an ga inda aka ambace shi, gara ma a mujallar waje. Na ji yara suna shiryawa tsakaninsu, ka ambace ni in ambace ka. Na san zai riƙe haɓa ya ce tabɗi. Amma ni ban iya tsayawa a bayansa gaba ɗaya ba. Yaran nan, duk rashin kunyarsu, in sun mutu za a san inda za a nemo maganarsu. Yaya fa? Ina son shi, ina kuma jin haushinsa har gobe. Ya ɗauka kansa kaɗai yake ɓoyewa.

Makonni uku da suka wuce wata lauya mai suna Rabi ta yi sallama a gidana, an ce mata ni ce tsohuwar mai laburare. Tana kare wata dattijuwa, Iya Asabe, wadda mijinta ya yanka mata gefen gonarsa a Katabu a gaban shaidu, ta noma shekaru, ta gina ɗakuna biyu. Yanzu gari ya iso wurin, gona ta zama fuloti, miji ya rasu, shaidu sun rasu, magada sun ce filin na cikin gado. Ƙaramar kotu ta ba Iya gaskiya, ta dogara da tsofaffin hukunce-hukunce irin wannan da "wani malaminmu ya tattara." Magada suka ɗaukaka ƙara, kotun sama ta yi tambayar da ta dace: wane malami, a ina ya tattara? Rajistocin asali gara ta cinye su tuntuni. Rabi ta miƙo mini takardar hukuncin, na karanta layi biyu na fashe da kuka. Fitowa ta shida ce. Ina zaune a ofishinsa ranar da aka kawo ta daga maɗaba'a.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan samo. Kash! Mujallun da ke hannun Yaya ya rabar da su tun yana raye, ko ɗaya bai bari ba. Maɗaba'ar ta zama shagon kayan gini. Ɗalibansa da na samu, wannan ya ce an ara ba a dawo da ita ba, wancan ya ce ƙaura ta ci. Na ce zan rantse a kotu cewa maganar yayana ce. Rabi ta ce rantsuwata ba za ta maye gurbin shafukan ba, kuma in ɗaya ɓangaren ya tono rahotona, da sa hannuna za su kayar da ni.

Shekaranjiya na tafi Katabu da sauran fatana, gidan Malam Bawa. Ya rasu bara. Babban ɗansa ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce ya tuna mujallun sarai. Da suka zo gyara ɗakin, suka ga akwai ayoyin gado a ciki, takardun kuma sun fara zubewa, suka ji tsoron kada a tattaka. Sai suka ƙona su a wuri mai tsabta suka binne tokar, kamar yadda ake yi. Yana faɗa mini yana jiran in sa masa albarka. Na sa masa, me zan ce? Daga ƙofar gidan ana hango rufin ɗakunan Iya Asabe.

To me ya rage na Yaya Isiyaku? Maganarsa tana nan tana yawo a kotuna, ana raba gado da ita, ana tsayar da iyaka da ita, ba mai sanin mai ita. Da ina ganin wannan ya isa, shi ma haka ya so. Yau na ga iyakarsa: ranar da aka tambaye ta daga ina take, ba ta da amsa, kuma tsohuwar da ba ta taɓa jin sunansa ba ita za ta biya.

Saboda haka ina roƙonku, tsofaffin alƙalai, magatakardan kotu, 'ya'yansu da jikokinsu, duk wanda ya taɓa zama a ajin Yaya. Ku buɗe akwatunan nan da ke ƙarƙashin gado. Koren bango ce, fitowa ta shida, maganar gona tana wajen tsakiya. Kada ku nemi sunansa a kan rubutun, bai sa ba. Ko bango ya cire, ko mai ya taɓa ta, ko shafi uku ne suka rage, ku kawo ofishin wannan jarida, zan zo da ƙafata in karɓa. Iya Asabe ta riga ta fara ɗaure kwanukanta a zane, na ce mata ta dakata zuwa Talata.