Bahagon da ke Bayan Jaruma

Duk ranar Juma'a, idan aka sauko daga masallaci aka ci abinci, rumfarmu ta 'yan albasa a Kasuwar Ose ta Anaca takan koma kotu. Finafinai muke yi wa shari'a. Muna da memori guda ɗaya da ke zagayawa a tsakaninmu. Ranar Asabar a kai wa mai tura finafinai ya zuba mana huɗu ko biyar, kowa ya riƙe kwana ɗaya ya kalla a wayarsa, ranar Juma'a a zauna a kan buhuna kowa ya faɗi abin da ya gani. Fim ɗin da ya fi shan zagi, a gaban kowa ake goge shi, mu ce an kashe shi. Sauran a bar su su ƙara mako.

Mu biyar ne. Akwai Baba, dattijon rumfar, shi ne alƙali, kuma ba ya ƙaunar komai sai finafinan Turkiyya masu dawakai da takubba. Akwai direban da ke kai kaya Kasuwar Oil Mill a Fatakwal, wanda in ba fassarar Indiya ba ce to gyangyaɗi yake yi. Akwai mahauci da ya taso a Inugu, mutumin finafinan Caina. Sai mai tattasai, haifaffen Anaca, yaren Ibo a bakinsa ya fi Hausa gudu, shi kuma finafinan Ibo ne abincinsa. Na biyar ɗin ni ne, kuma ni ba na yabon fim. Ban taɓa ba. Aikina in tsinto kuskure in shimfiɗa shi a gaban mutane, ina kuma jin daɗin aikin nan ƙwarai.

Wanda ya fi shan bakina mai tattasai ne. Na sha gaya masa finafinansa labari ɗaya ne aka yanka gida ɗari: attajiri, boka, sai mace tana kuka a bakin get. Shi kuma ya yi ta rantse-rantse yana kare su, wuyansa har jijiya yake fitarwa. Sauran ma ban bar su ba. Ina yi musu dariya cewa ba fim suke kallo ba, sana'arsu suke nema a ciki. Mahauci ya taɓa kashe wani fim saboda naman da aka rataye a shago ya kwana uku a labarin bai sauya launi ba. Direba kuwa ya taɓa yafe wa jarumi kisan mutum goma, amma ya ƙi yafe masa shiga kwana da giya ta sama.

A makon da nake ba da labari, ni ne na ƙarshe da memorin ya iso hannuna, ranar Alhamis. Da azahar aka kece da ruwa, kasuwa ta tsaya cak, na janye buhuna daga bakin rumfa na zauna na kunna. Na Indiyan da na Cainan na riga na ji labarinsu. Na Ibon kuwa tun ranar Litinin ake tsine masa. Ban da mai tattasai, kowa ya ce minti goma ya iya jurewa ya kashe. Saboda haka shi na zaɓa, don in tara abin da zan jefi mai tattasai da shi.

Gaskiya fim ɗin ya ci zaginsa. Sauti yana gaba, baki yana baya. Gemun bokan a gefe ɗaya ya ɓalle yana lilo, aka ci gaba da ɗauka a haka. Ina ta tsaki ina ƙirga kurakurai har aka wuce awa guda. Sai aka nuno jarumar ta shigo kasuwa tana neman mijinta, kyamara tana bin ta. Na ga kwanon rumfa mai tsatsa, na ga lungun da masu baro ke bi su gangara bakin kogi. Na ce a raina, to, Ose ce wannan. Ta wuce gaban wasu buhunan albasa. A bayanta, can gefen hagu, wani mutum ya sunkuya yana ɗinke bakin buhu da basilla. Ba a ga fuskarsa ba, sai bayansa da hularsa da hannuwansa. Da hagu yake ɗinkin. Ya kai ƙarshe, ya ƙulla igiyar a kunnen buhu, ya ƙara sunkuyawa ya datse ta da haƙori.

Wayar ta kusa faɗuwa daga hannuna.

Yayana bahago ne. Shi ya kawo ni Anaca, shi ya koya mini yadda ake matsa albasa da babban yatsa a san wadda za ta kwana da wadda ba za ta kwana ba. Duk rumfar nan kowa da wuƙarsa ta yanke igiya, shi kaɗai ne da haƙori. Damina biyu kafin wannan rana ya rasu, ciwon kwana uku, aka binne shi a nan. Mutum ne da ba ya son hoto, in ka ɗaga waya sai ya juya maka ƙeya. Abin da ya bari sai na katin shaida, fuska a ɗaure, ga shi ruwa ya taɓa jiƙa shi. Da na kai wa Inna can gida, ta juya shi ta sake juyawa, ta miƙo mini ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Inna ba ta taɓa taka ƙasar kudu ba. Duk zuwan da zan yi sai ta tambaye ni, wai a can ɗin yaya yake, me yake yi da rana, a tsaye yake wuni ko a zaune. Sai in ba ta amsa, ta yi shiru, in san ban ba ta komai ba.

Na mayar da wurin baya ya fi sau ashirin. Bai wuce sakan shida ba. Wani kallon in ce wallahi shi ne, wani kallon in ce bahagwai nawa ne a kasuwar nan. Na kwafe fim ɗin a wayata, don haka gogewa ba ta dame ni ba. Shaida nake nema. Ba zan aika wa tsohuwa bayan wani baƙo ta yi ta kuka a kai ba, in kuma ɗanta ne ba zan hana ta shi ba. Mutanen da suka zauna da Yaya shekara da shekaru su ne waɗannan huɗun da nake yi wa dariya, kuma ukunsu sun rantse ba za su ƙara kallon fim ɗin ba.

Ranar Juma'a aka zauna. Baba ya gyara hula ya ce, "To, bismillah. Direba, fara."

"Baba, na Indiyan nan ba magana," in ji direba. "Yaron ya riƙe motar itace da hannu ɗaya tana gangara, mai fassara ya ce ko birki bai kai shi amana ba. Na kalla sau biyu a hanyar Fatakwal muna jiran a sauke kaya."

"Motar da ba kaya a ciki," mahauci ya ce. "Ka dubi tayoyinta? Ni na Caina na ba wa. Tsohon nan mai dafa abinci, riƙon wuƙarsa na gaskiya ne. Wanda ya koya masa ya san nama."

Baba ya ce na Turkiyyan kashi na wannan makon surutu ya yi yawa, sarki ya wuni yana shawara ba a hau doki ko sau ɗaya ba, amma dai da mutunci a ciki. Aka taɓa na Hausan, aka yarda labarin gadon ya yi ma'ana, sai dai waƙa huɗu a fim ɗaya zalunci ne. Sannan aka zo kan na Ibo, kowa ya gyara zama yana kallona, don sun san nan ne nake wasa wuƙata. Mai tattasai ya riga ya sunkuyar da kai.

"Abeg, don Allah, ni ma ban kare wannan ba," ya ce. "A kashe shi kawai a huta."

Na ce, "Baba, ni ina roƙon a bar shi."

Sai mahauci ya fashe da dariya har yana dukan buhu. "Kai? Kai ne kake roƙa wa fim ɗin Ibo rai? Direba, taɓa goshinsa, zazzaɓi ne."

"Ko dai jarumar ce ta shiga ransa," in ji direba. "Oga, faɗi gaskiya, mu raka ka."

Raina ya ɓaci, don ni ban saba a yi dariya da ni ba, ni na saba yi. Na haɗiye. Na ce, "Duk abin da na taɓa faɗa a kan finafinan nan, na ji, ku rama. Amma ku ba ni minti ɗaya. Akwai wurin da ba wanda ya kai a cikinku."

"Ni na kai ƙarshe," mai tattasai ya ce. "Ba komai a ciki."

"Ka kai, amma ba ka gani ba."

Ban gaya musu abin da za su duba ba. Da gangan na yi, don in na faɗa, tausayi zai sa su ce sun gani. Na jingina wayar a jikin buhu, kawuna huɗu suka haɗu a kanta. Jaruma ta shigo kasuwa.

"Kai, Ose ce!" in ji direba. "Ga lungun masu baro."

Ta wuce buhunan. Sakan shidan suka zo suka wuce. Sai na ga mahauci ya daina murmushi.

"Mayar baya," ya ce.

Na mayar. Ya sa yatsa ya tsayar da hoton, ya buɗa shi har ya dushe. "Dubi babban yatsan damansa. Ba ya lanƙwasa shi. Ni na ɗaure wannan yatsa da tsumma ranar da basilla ta shige shi, tun daga nan bai ƙara lanƙwasuwa ba."

Direba ya matso. "Jerin buhunan ma nasa ne. Uku a ƙasa, biyu a gicciye, ya bar rata iska ta shiga. Kullum muna faɗa da shi a kan ratar nan in zan yi lodi."

Mai tattasai ya dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Allah. Ai ina nan ranar! 'Yan fim suka zo da safe, kasuwa duk ta watse kowa ya tafi kallo, har ni na bar tattasaina. Na dawo na ce masa bai zo ya ga jaruma ba, ya ce shi mota ke jiransa. Wallahi shi kaɗai ne bai ɗaga kai ba." Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. "Sau biyu na kalli fim ɗin nan, ita nake kallo."

Aka sake kunnawa, mutumin ya sunkuya ya datse igiyar. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Shi ne," ya ce. "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Muka shafa. Ya mayar da hular ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wannan fim ba a kashe shi. Ko memorin ya cika, a goge na Turkiyya."

Daɗin da na ji ba zan iya ɓoye shi ba, ban ma yi ƙoƙari ba. Na tashi tsaye ina dariya hawaye yana zuba, na rungume mai tattasai na ce masa daga yau finafinan Ibo sun fi na kowa, wanda ya musa ya zo mu yi. Ya ce a rubuta a ajiye, don gobe zan canza baki. Mahauci ya ce to yanzu wa ke neman sana'arsa a cikin fim? Na ce ni ne, na kuma gode wa Allah da ya haɗa ni da masu irin wannan kallo. Kafin la'asar labari ya zaga layin albasa da na tattasai, mutane suna ta zuwa a nuna musu, har matar da Yaya ke sayen abinci a wurinta ta zo ta kalla tana share ido da gefen zane.

Mai tura finafinai ya yanko mini wurin, ya rage masa gudu yadda sakan shidan suka ɗan daɗe. Na aika wa ƙanwata da ke zaune da Inna, na ce ta kunna mata kawai, kada ta ce komai.

Ina cikin auna wa wata mata albasa saƙon murya ya shigo. Na ba matar haƙuri na koma bayan buhuna na kara a kunne. Da farko sai motsi, da muryar ƙanwata tana cewa, "Inna, yi magana, yana ɗauka." Sai Inna, muryarta garau, da faɗa a ciki, irin faɗan da na sani tun ina ƙarami.

"Kai, dubi yaron nan! Har yanzu da haƙori yake yanke igiya? Tun yana ɗan mitsitsi nake hana shi, ya ƙi ji." Na ji ta ja numfashi. "Ashe haka yake wuni. To, na gan shi. Ke, sake kunna mini."