Waƙar Japan Da Ta Sa Aka Ɗauka Na Taɓu

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Lokacin da abin nan ya same ni, ni magidanci ne mai 'ya'ya biyu. Ina aikin gyaran injinan ɗaga kaya a wani kamfani da ke Sulay a birnin Riyadh, muna zaune da iyalina a unguwar Gubaira. Mutum ne ni marar hayaniya, daga wurin aiki sai masallaci sai gida. Idan muka taru da 'yan'uwa Hausawa a gidan wani lokacin sallah ya yi, sau da yawa ni ake turawa gaba. Ban taɓa riƙe makirufo ba tun da nake.

Shugaban sashenmu wani dattijo ne ɗan ƙasar Japan. Ba ya da yawan magana, amma shi ya koya mini aikin da hannunsa, kuma ya taɓa tsaya mini lokacin da aka so a ɗora mini laifin lalacewar wani inji. A shekarar aka sanar cewa zai koma gida da zarar sanyi ya wuce, sai kuma raɗe-raɗi ya tashi cewa za a rage ma'aikata bayan tafiyarsa. Duk wanda ya zauna Saudiyya ya san abin da hakan yake nufi. In aiki ya tafi, iƙama, wato takardar izinin zama, za ta bi shi, makarantar yara ma ta tsaya. Ga shi matata tana da tsohon ciki.

Abokan aikinmu 'yan Filifin suka shirya masa walimar bankwana a istiraha, irin gidajen hutun nan da ake haya a bayan gari. Su kuwa ba sa taro sai da karaoke, wato na'urar da ke sakin kiɗa babu murya, kalmomin waƙa suna fitowa a talabijin, mutum ya riƙe makirufo yana bi. Jagoransu ya same ni lokacin shan shayi, ya ce a ƙasar dattijon ƙarshen sanyi ne lokacin da itatuwa ke yin fure, kuma mawaƙansu maza suna da waƙoƙi da yawa a kansa, don haka yana so a rera masa ɗaya da yarensu. Ya ce ni ne dattijon ya fi so, kuma muryata mai kauri ce. Sannan ya rage murya ya ce sabon mudir, wato manajan kamfani, zai halarta, kuma ya ji cewa dattijon ne zai miƙa sunayen waɗanda za a bari. Na buɗe baki da niyyar in ce a'a, sai na ji na ce to.

Ya turo mini waƙoƙi rututu a waya. Na zaɓi wadda ta fara a hankali, da muryar namiji ƙasa-ƙasa, an rubuta kalmominta da haruffan boko yadda mutum zai iya furtawa ko bai san ma'ana ba. Sai da na yi nisa da koyo na gane cewa a tsakiyarta mawaƙin yana haurawa sama can inda muryata ba ta kai. Kunya ta hana ni komawa in canza. A gida ba zan iya gwadawa ba, don haka idan na tashi aiki sai in bi ta unguwar Oud, in faka mota a jikin wata doguwar katanga, in rufe gilashi, in yi ta maimaitawa har maƙogwarona ya yi zafi. Wata rana ina cikin haka na ɗaga kai na ga ana shiga da gawa ta wata ƙofa a gabana. Ashe katangar maƙabarta ce. Na kashe wayar, na yi ta istigfari har gida. Washegari kuma na nemi wani lungun na ci gaba, saboda tsoron rasa aikin ya fi ƙarfina.

Tsoro ya zo mini ta ko'ina. Ina tsoron in tsaya gaban mudir muryata ta karye. Ina tsoron wani ya ɗauke ni a waya, bidiyon ya faɗa hannun mutanen da suke bin sallah a bayana. Ina tsoron in janye a ce na raina dattijon. Abinci ya daina shiga, na rame, muryata ta dushe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda amon waƙar yake faɗo mini ko ina tsaye a sahu. Matata ta tambaye ni ba sau ɗaya ba, nakan ce gajiyar aiki ce. Ban gaya mata maganar rage ma'aikata ba don kada in ɗaga mata hankali a halin da take ciki, maganar waƙa kuwa nauyinta nake ji, ban san da wane ido za ta dube ni ba.

Wata ranar Alhamis na dawo bayan la'asar, na tarar da wani likita ɗan garin su matata, wanda take kira Kawu, zaune a falo da jakar aikinsa. Ita tana tsaye a bakin ƙofar kicin, idanunta sun kumbura. Kafin in gama gaishe shi ta ce, “Abban yara, ka yi haƙuri, ni na kira Kawu. Kana magana cikin barci da wani yaren da ban taɓa ji ba. A banɗaki ma ina jin ka. Na rasa inda zan sa kaina.” Ashe ta daɗe tana tofa mini addu'a a ruwan sha. Ta kuma gaya wa mahaifiyarta da tawa a waya, har an fara saukar Alƙur'ani a gida Najeriya, magana ta bazu cikin dangi cewa na taɓu.

Na zauna a ƙasa na kunna musu waƙar, na ba da labari tun daga farko. Likitan ya yi ta danne dariya har ta ƙwace masa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, “To me kake cewa a cikinta?” Ni kuwa wallahi ban sani ba. Ko waƙar soyayya ce nake shirin rera wa namiji ɗan'uwana, ko yabon wani abin bauta ne, ban taɓa tsayawa na bincika ba. Likitan da aka kira domina, ita ya ƙare da aunawa. Ya samu jininta ya hau sosai, ya ce dole ta kwanta ta huta har ta sauka.

Da aka koma aiki na shiga ofishin dattijon na kunna masa waƙar. Ya saurara yana kallon tebur. Ya ce labarin wani ne da ya raka abokinsa tashar jirgin ƙasa lokacin da furanni ke zuba, yana ce masa ya tafi lafiya kada ya waiwayo. Ya ce a wurinsu lokacin fure shi ne lokacin rabuwa, ɗalibai su gama makaranta, ma'aikata su sauya gari. Da ya ji dalilin da ya sa nake koyonta, ransa ya ɓaci. Ya ce ba shi ke zaɓen sunaye ba, kuma bai taɓa ganin inda waƙa ta riƙe wa mutum aiki ba. Daga nan na wuce wurin jagoran 'yan Filifin, na ce masa ba zan yi ba. Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce babu matsala, akwai masu so da yawa.

Ranar walimar ina zaune a gefe ina cin shinkafar kabsa, dattijon da kansa ya karɓi makirufo ya rera waƙar. Da ya zo wurin hawan nan muryarsa ta karye, ya yi dariya, aka tafa masa. Mudir kuwa ko leƙowa bai yi ba. An rage ma'aikata daga baya, Allah Ya sa ban shiga ciki ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa rera waƙa ranar suna cikin waɗanda aka sallama. Matata ta sauka lafiya, amma ta sha wuya, kuma ta daɗe ba ta saki jiki da ni ba. Har yau idan na je hutu gida, akwai tsofaffin da ke riƙe hannuna su dube ni da tausayi suna yi mini ya jiki.

Ban rubuto don in yanke hukunci a kan waƙa ba, wannan na malamai ne. Na rubuto ne domin 'yan'uwana masu neman abinci a ƙasar wasu. Zaman kwantiragi yana sa mutum ya riƙa ganin kowace ƙaramar buƙata kamar ita ce ke riƙe da rayuwarsa, ya amsa abin da ba zai iya ba, ya gina tsoro a kan jita-jitar da bai tantance ba. Ka tambaya kafin ka amsa, kuma ka san ma'anar abin da za ka sa a bakinka. Idan kuma damuwa ta kama ka, ka gaya wa wadda kuke kwana ɗaki ɗaya. Ni na yi shiru ne don in kare matata, ban san cewa tana ganin komai a jikina ba, kuma abin da ta zata ya fi gaskiyar muni nesa ba kusa ba.