Abin da Adda Hajara ta bari cikin kwamfutata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shara a tsakar gida Inna ta fito da waya a hannu, ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Zainabu, aje tsintsiyar ga. Malamarku ta kwamfuta Allah Ya yi mata cikawa."

Adda Hajara. Wai zazzaɓi ne. An tafi da ita gidan iyayenta can gefen Zurmi, kafin labari ya iso mana Kaura har an kai ta makwancinta.

Ban yi kuka ba tukuna. Na aje tsintsiyar na shige ɗaki.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ita kaɗai ta sani. Ina rubuta littafi. Na soyayya, irin waɗanda nake arowa ina turawa ƙarƙashin filo. Cikin tsohuwar kwamfutar da Baba ya sayo a gwanjon ofishinsu nake bugawa, in an kawo wuta.

Sai rannan ta ƙi tashi. In na danna, fanka ta juya, sikirin baƙi ƙirin, sai wani kuka tsit-tsit kamar ɗan tsako. Kakata ta ce a yi mata tofi. Baba ya ce sai ya samu lokaci, kuma duk wanda ya san Baba ya san lokacin nan. Namiji ba ya wuce zaure a gidanmu. Ni kuma ba zan iya cewa a fitar da ita wani ƙato ya buɗe ya karanta ni ba.

Adda Hajara ke koyar da ajin 'yan mata bayan la'asar. Ni ce ta kujerar ƙarshe, wadda ba ta ɗaga hannu. Ban san yadda ta lura ba. Da aka tashi ta tare ni a ƙofa.

"Ke mai shiru, mi ya same ki? Kin yi kama da wadda aka kwashe wa kaji."

Na gaya mata, kaina a ƙasa.

Ran Asabar sai ga sallamarta, goye da ɗiyarta Ummi, da sukuddireba cikin leda. Tana shiga ɗakin ta ga zanen karammiskin da Inna ke lulluɓe kwamfutar da shi, ga kaskon turaren wuta a gefe. Ta riƙe baki.

"Amarya ce? Inna, kun toshe mata hanci kuna kuma yi mata hayaƙi, ina za ta sha iska?"

Inna ta ce, "To ai kayan tsada ne, ɗiyata." Suka yi ta dariya.

Ta zauna a tabarma ta fara. Ta canza wayar wuta, ta gwada. Ta sauya soket, ta gwada. Ta cire wayar sikirin ta mayar. Ni duk na ƙosa, na ce ta taɓa su gaba ɗaya mana. Ta ce, "A'a. Abu guda za ki taɓa, ki kunna, ki saurara. In kin taɓa biyu ta tashi, wa za ki gode wa?"

Ta kwance murfin, ta hure cikin, ta canza ɗan batir ɗin nan mai kama da kwabo. Shiru, sai kukan. Ta zaro wani ɗan falle kore, tsawon yatsa, ta ce sunansa ram, in ba shi kwamfuta ba ta iya tuna ko sunanta balle ta tashi. Ta goge bakinsa da abin goge fensir ta mayar. Kukan dai.

Zafi, Ummi na rigima, wuta ta ɗauke ta dawo. Na ce, "Adda, bar ta haka nan, ta lalace."

Ta ce, "Ke dai kin cika saurin sallamawa. Wanga kukan gaya muna take inda ke mata ciwo. Ram ɗin ne."

Bayan 'yan kwanaki ta dawo da wani, naɗe cikin hankici. Daga tata kwamfutar ta ciro shi, wadda take buga wa mutane takardu da ita a gida. Biyu ne a ciki, ta ce ɗaya zai riƙe ta ko da tana jan ƙafa.

Ta ƙi sa mani. Ta ce, "Hannunki. Daidaita tsagar, danna har ki ji ƙas." Na danna. Na kunna.

Ta tashi.

Wallahi ban san lokacin da na rungume ta ba, ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.

Na buɗe labarin in ga ko yana nan, kafin in kare sikirin har idonta ya faɗa kansa. Ta karanta shafi guda tana gyaɗa kai.

"Wane ne kuma Kamal mai dogon hanci? Ga mota, ga turare, ga murya mai sanyi. Ya iya gyaran kwamfuta?"

Na ce a'a.

"To mi amfaninsa?"

Na rufe fuska da hijabi. Ta janye hannuna ta ce, "Kin iya, Zainabu. Ba wasa nake ba. Ki ƙarasa shi."

A bakin zaure tana neman takalminta ta ce kanta na sarawa tun safe. Ta ce in riƙe ram ɗin har Baba ya sayo nawa a Gusau, kuma kada in gaya wa kowa, don in Baban Ummi ya ji ta raba kwamfutarta biyu zai ce ta zare. Ta gyara goyo, ta waiwayo. "Ki aurar da su Kamal mu huta."

Ganina da ita ke nan.

Yanzu haka kwamfutar na gabana a kunne. Tun safe nake zaune ina jin ƙarar fankarta. Ba wanda ya san ram ɗin nan yana wurina. Na gaya wa kaina ai da tana nan cewa za ta yi in riƙe. Na gaya wa kaina ɗan abu ne, wa zai nema. Har na gaji da lallashin kaina.

Aro ta ba ni. Kuma na sha jin Baba yana karantar da gado a zaure, yana cewa ko allura mamaci ya bari ta magada ce. Kwamfutar Adda ita ce abin da Ummi za ta taras na uwarta, ga rabin ƙarfinta a ɗakina.

In na cire shi sikirin zai koma baƙi. Adda ta ce labarin ba ya gogewa, yana nan ciki, amma sake buɗe shi sai ran da Allah Ya yi. Ban san wata mace a garin nan da za ta yi sallama da sukuddireba cikin leda ba.

Gobe Inna za ta gaisuwa da matan unguwa. Na ce zan bi su. Ta dube ni sosai, don ta san ba na zuwa ko'ina.

Shi ya sa na rubuta a nan shafina, kowa ya gani, don kada gari ya waye in sake shawara. Ina ajiye wayar nan zan kashe kwamfutar yadda ta koya mani, in zare wayar wuta, in kwance murfin. Na san inda ake dannawa ya fito. Hankicinta ma yana nan, na wanke shi, ciki zan naɗe ram ɗin in mayar masu.

Allah Ka jiƙan Adda Hajara. Ka haskaka kabarinta, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sa haƙurin da ta yi da mu ya tarar da ita a can. Ka raya Ummi, Ka ba iyayenta da mijinta dangana.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya sa ta cikin addu'a. Ni ma ku roƙa mani bakina ya buɗe gobe in na zauna gaban mahaifiyarta.