Kalmomi Goma na Lallashi

Shekararmu tara a garin Gaithersburg na Amurka lokacin da maigidana ya samu aikin koyarwa a wata jami'a da ke yammacin Wales, a Birtaniya. Injiniya ne, ya gaji da aikin kamfani, ya ce shi dai yana son ya ga kansa a gaban allo kafin furfura ta gama cinye masa kai. Ni kuwa a ɗakin gwajin jini na wani asibiti nake aiki, aka kuma tabbatar min irin aikina ba ya wuyar samu a can. Don haka ban ja da tafiyar ba. Inda muka ja daga shi ne makarantar da za a sa 'yata ta fari.

Shekararta takwas a lokacin. Ba zan faɗi sunanta a nan ba, don ko a gida ba na faɗa. A gidanmu na Funtuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban kowa. Ni ma 'yar fari ce. Har aka kai ni ɗakin miji ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, daga "ke" sai "waccan". Ban kuma taɓa jin zafin abin ba, domin a ɗakin kakata na tashi, ita ke goya ni, ita ke share min hawaye. Da na haihu a Amurka sai na ɗauko kunyar nan yadda na gan ta. "Ke" nake ce wa yarinyar. Ƙanwarta kuwa, da ta zo bayan shekara shida, ba irin sunan gatan da ban laƙaba mata ba.

Ofishin ilimi na can ya aiko mana da takardu ta imel. Makaranta biyu aka ba mu zaɓi. Ɗaya tana bayan gidan da za mu kama, da ƙafa ake zuwa, amma da harshen Welsh ake koyar da komai, har lissafi. Yaron da ya zo daga waje sai a fara ajiye shi a wani aji na musamman tsawon zango ɗaya, ya koyi harshen tukuna. Ɗayar da Turanci ake koyarwa, tana gari na gaba, sai an hau bas. Aka ce mu mayar da amsa cikin mako uku.

Ni da fari dariya ma abin ya ba ni. Ashe a cikin Turawan Birtaniya akwai masu yarensu daban, har suna kafa masa makaranta! Na duba rubutun a saman takardar, baƙaƙe cunkus, na rasa ta inda ake kama shi. Na ɗauki biro zan yi maki a gaban makarantar Turanci, maigidana ya ce in dakata. Wai waɗanda zai yi aiki da su sun gaya masa duk yaran layinmu ta kusan suke zuwa, in muka kai ta gari na gaba za ta zauna a unguwa ba ƙawa ko ɗaya.

Na ce, "Haba Malam! Hausar da ta rage mata ba ta cika cokali ba. Turanci ya cinye tuwon, yanzu kuma ka ce a kawo wani yare ya suɗe kwanon?"

Ya ce, "Kan yaro ai ba kwano ba ne."

Na ce, "To ka zo ranar Lahadi ka tsaya kusa da waya, ka gani ko kwano ne."

Abin da ke cina ke nan, ba wani abu ba. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma ba ta mayarwa. Duk Lahadi da safe nakan kankare katin waya in kira Funtuwa. Inna ba ta da dogon zance da ni, amma jikarta take jira. Sai in miƙa wa yarinyar waya, ta ce "Ina kwana", ta ce "Lafiya lau", shi ke nan kaya sun ƙare. Ina jiyo muryar Inna tana ta zuba mata tsiya irin ta kaka da jika, ita kuwa ta ƙura min ido tana miƙo min wayar kamar ta ɗauki garwashi. In na karɓa Inna ta ce, "To, a gai da Baturiya." Da wasa take faɗa, amma wallahi wuni nake yi abin yana sukata. Tsorona shi ne tsohuwar nan ta bar duniya ba su taɓa yin hira da jikarta ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallacinmu na garin Sterling na baje wa mata zancen a bakin wurin ajiye takalma. Kowa ta kawo tata. Wata matar likita ta ce, "Turanci mana! Wannan yaren ina za ta kai shi? Ko a filin jirgi ba mai ji." Na ji daɗi, na samu 'yar uwa. Sai wata 'yar Maraɗi, matar wani ma'aikacin gidan rediyo, ta ce ita fa da Faransanci ta yi lakwal, wato makarantar boko, tun daga ajin farko, kuma bai hana ta Hausa ba. Ta dube ni ta ce, "Ke dai duba cikin gidanki." Na ji haushin maganar, na ce a raina ji min mata, wa ya gaya mata ba Hausa muke yi a gida ba?

Maigidana ya ce abu ɗaya yake roƙo: kafin in yanke, in yi magana da shugabar makarantar Welsh ɗin. Na yarda, don in samu abin da zan rufe masa baki da shi. Ranar Talata da bakwai na safe, kafin in fita aiki, na kira, su can rana ta take. Har tambayoyi na rubuta, na shirya rigima.

Matar ba ta ba ni abokin faɗa ba. Turancinta yana hawa yana sauka kamar mai rera karatu. Na tambaye ta kai tsaye ko harshensu ba zai kashe wa 'yata harshen gida ba. Ta ce ita ba za ta yi min alkawarin abin da ba a hannunta yake ba, makaranta na riƙe yaro wuni ne kawai, saura na iyaye ne. Sai ta ce akwai abu ɗaya da suke nema wurin iyayen duk baƙon yaro, yana shafin ƙarshe na takardar. Kalmomi goma na harshen gida, waɗanda ake lallashin yaron da su, tare da yadda ake furta su. Ta ce makonnin farko yaro yakan wuni bai ji abin da ya gane ba, wata rana sai kawai ya fashe da kuka, to malamar ajin tana bukatar abin da za ta faɗa masa wanda kunnensa ya saba da shi. Ta ce gara in bar yarinyar ta zaɓi kalmomin da kanta.

Na ce mata wannan ai ba wani aiki ba ne. Ban fasa ra'ayina ba, amma wannan bukata tasu ta burge ni.

Ranar Asabar muna ɗaure kaya, falo duk kwalaye, maigidana na fama da salatif. Na yago takarda na ba yarinyar da biro. Da Turanci na yi mata bayani, na ce ta rubuta kalmomin Hausa goma da na fi gaya mata, malamar can ke so. Yarinya ce mai son aikin makaranta. Ta kwanta rub da ciki a kan kafet, ta ja layi, ta sa lamba ɗaya zuwa goma. Ba a jima ba ta kawo min.

Rubutun duk a karkace yake, irin na wanda bai taɓa ganin Hausa a takarda ba, amma na karanta tsaf. Zo nan. Tashi. Zauna. Bari. Ajiye. Maza. Yi shiru. Kul. Ban hana ki ba. Zan saɓa miki.

Na yi dariya na ce, "Ke, ba irin waɗannan ba. Na lallashi ake nufi."

Ta tambaye ni, da Turancinta, kamar waɗanne?

Na ce, "Kamar sannu. Yi haƙuri. 'Yar albarka. Zo in goya ki. Ba ki san su ba?"

Ta ce ta san su mana. Ta ce amma waɗannan ai na ƙanwarta ne. Ita in ta yi abin kirki ko ta ji ciwo, da Turanci nake mata magana. Hausa sai in ta yi laifi. Ba da fushi ta faɗa ba, ba kuma ƙorafi take ba. Tana maganar tana ƙoƙarin mayar wa biron murfinsa.

Fushi ne ya fara zuwar min. Na ce, "Ji min yarinya da sharri!" Na dubi maigidana ko zai tsawata mata, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan salatif ɗinsa, ƙiiii, kamar ba a ɗakin yake ba. Wannan shirun ya fi maganar yarinyar ƙona min rai. Na shige kicin na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.

A tsaye a nan na shiga neman hujjar da zan kare kaina, na rasa. Ranar da ta faɗo daga keke ta daddauje gwiwa, da Turanci na rarrashe ta. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita na zauna a bakin gadonta, Turanci ne. Ranar da aka ba ta kyauta a makaranta na rungume ta a gaban kowa, har na ce ina alfahari da ita, shi ma Turanci ne. Ashe ni da Turanci kunyar ba ta kama ni. Kalmomin ba su da nauyi a bakina, sai in yi ta zuba su. Amma in ce wa 'yar fari "sannu 'yar albarka" da Hausa? Harshena ba ya ɗaguwa. Faɗa kuwa ba a hana uwa yi wa ɗan fari ba, shi ya sa Hausar faɗa ke fitowa a guje.

Inna ba ta lallashe ni ba, gaskiya ne, amma a bayanta akwai kakata, akwai goggonnina biyu, akwai matan gida, kowa da irin nata tarairayar. Ni na ɗauko kunyar na hau jirgi da ita, na baro masu lallashin a Funtuwa. A Gaithersburg ba kaka, ba goggo, ni kaɗai ce. Shekara da shekaru ina ɗora wa makarantar Amurka laifi, ina shirin ɗora wa ta Wales. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kunyar da ta fi wadda na gada.

Da yamma na ɗauko takardar na yi maki a gaban makarantar kusa da gida. Maigidana ya leƙo ya gani, ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Malam, don Allah kar ka ce komai." Ya haɗiye abarsa. Na juya shafin ƙarshe na cike layi goman da kaina, da kalmomin kakata, yadda take gaya min su in na faɗi ko an doke ni. A gefen kowacce na rubuta yadda Bature zai furta ta.

Ina gama ta goma na tsaya ina kallon takardar. Wato wata mata a Wales, wadda ba ta san inda Funtuwa take ba, ita za ta fara gaya wa 'yata waɗannan kalmomi, tana karantowa daga takarda. Na ce a'a, wannan kam ba da ni ba.

Lahadi ranar kitso ce. Bayan mun gama waya da Inna, na zauna a kujera, yarinyar ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya. Na ji sauƙin hakan, don da tana kallona ba zan iya ba. Na tsefe, na shafa mai, na fara tsaga. Na yi layi uku ina ta juya maganar a bakina. A na huɗu matajin ya sarƙe a ƙeya, ta ɗan zabura ta ja numfashi. Kullum a nan "Tsaya mana!" nake cewa. Na ajiye matajin, na dafa wurin da tafin hannuna. Na kira sunanta, cikakke, yadda aka raɗa mata. Na ce, "Sannu. Yi haƙuri, 'yar albarka."

Sai na ji kafaɗunta sun sandare a jikin gwiwoyina. Ta juyo a hankali, rabin kai a tsefe, ta dube ni. Da Hausa ta yi maganar, ba wanda ya ce ta yi, kuma ba kuskure ko ɗaya a ciki.

Ta ce, "Me na yi?"

Na ce, "Ba ki yi komai ba."

Ta juya, amma ba ta saki jiki ba. Har na kai ƙarshen kitson tana zaune ƙiƙam, tana jiran faɗan ya iso.