Kibiyar da Ba Ta da Dafi

Ko da zan manta ranar da na fara hawa jirgin sama, ba zan manta yammacin da na harbi aladen daji a ƙasar Sin ba.

Shekarar da aka yi gasar Olamfik a ƙasar ce. Ina Guangzhou ina saro takalma a kasuwar titin Zhanxi Lu ina aikowa Kano. Ɗakinmu ɗaya da wani abokina ɗan Maraɗi, mutum mai sanyin hali, wanda ya iya yaren mutanen ƙasar, shi ke yi mini tafinta. Wata rana muna ofishin mai masana'antar da ke ɗinka mana takalma a unguwar Panyu, wanda muke kira Lawban, wato maigida, sai talabijin ta nuno masu gasar harbin kibiya. Ni kuwa bakina ba shi da linzami. Na taɓe baki na ce wa abokina, "Wannan ai wasan yara ne. Gaya masa kakana maharbi ne, a gidan kwari da baka na tashi."

Kakana maharbi ne, wannan gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne sau biyu kacal na taɓa bin sa daji, kuma kallo na yi, ban taɓa jan tsirkiya ba.

Lawban ya miƙe tsaye don murna. Ashe aladen daji sun addabi gonar dankalin mahaifiyarsa a ƙauyensu, can cikin duwatsu, kuma a ƙasar ba a barin mutum ya riƙe bindiga. Ya sayi baka, ya rasa maharbi.

A hanyar gida abokina ya dube ni ya ce, "Kai Bakano, ka tabbata ka iya abin ga? In ba ka iya ba in gaya mishi, ba komi."

Na ce, "Haba! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni dai ba zan taɓa naman ba, ɓarna kawai zan kora."

Ranar Lahadi muka isa ƙauyen, aka miƙo mini baka mai ƙananan tayoyi a kowane baki, nauyi kamar kan keken ɗinki. Na gwada a jikin kwali sau uku, na samu sau ɗaya, na ce iska ce. Lawban ya yi ta nuna mini ƙasan hammatarsa, wai a nan ake harbin dabbar. Ban kula ba, don na ga yadda kakana ke yi: ko a cinya ya samu dabba sai ya nemi wuri ya zauna, ya ɓare goro, ya jira dafin kibiya ya yi aikinsa.

Bayan la'asar muka laɓe a bakin gonar, ni a bayan wani dutse, abokina a gindin bishiya. Lawban kuwa saman bishiyar ya haye, kuma ko wannan bai sa na yi hankali ba. Sauro na cizo, ba damar mari.

Can sai ga aladen ya fito, baƙi wuluk, ya kai ɗan maraƙi, haure biyu sun turo waje. Na yi bisimilla, na ja, na saki, ina jin ma idona a rufe yake. Kibiya ta same shi a cinya, ya kwarma ihu ya faɗa cikin ciyawa.

Nan take tsoro ya koma fankama. Na fito fili, na zauna a kan kunyar dankali, na ajiye baka na ce, "An gama. Gaya masa ya sauko, dafi zai ƙarasa shi."

Na ji abokina ya yi wa Lawban tambayar dafin da yarensu. Daga saman bishiya Lawban ya ƙwala, "Meyo! Meyo!" Kalmar da muke ji kullum a shaguna ce, ma'anarta babu. Babu dafi a kibiyar. Ciwo kawai na ji wa dabbar, kuma ga ciyawa tana darewa tana nufo ni.

Ina nan zaune a fili, baka a ƙasa. Abokina, da yake da bishiyar hawa a gabansa, shi ya rugo ya hankaɗe ni gefe. Aladen ya kwashe shi, ya tsarge masa ƙafa daga ƙwauri har gwiwa. Ba don mutanen ƙauye sun fito da karnuka suna kaɗa kwanuka ba, da ban san abin da zan gaya wa iyalinsa ba.

Na yage rigata na ɗaure ƙafar. A bayan mota, hanyar asibiti ta ƙi ƙarewa, jini na ratsa ɗaurin, ni ina kuka kamar ba magidanci ba. Na ce, "Ka yafe mini, wallahi ban iya ba. Ban taɓa harbi ba."

Ya buɗe ido da kyar ya ce, "Na sani, tun sa'ad da na ga riƙon da ka yi ma bakan. Kunyar ƙaryata ka gaban baƙi na ji."

Allah ya tashi kafaɗarsa, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa sosai ba. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo. Duk sanda ya zo Kano muka tsaya sahu ɗaya, in aka zauna tahiya sai in ga ƙafarsa a miƙe a gefena.

Tun daga lokacin na koyi cewa "ban iya ba" tun kafin a sake tambayata. Kunyarta ta minti ɗaya ce. Ni na ƙi ɗaukar wannan kunyar, ga shi wani yana ɗingishinta har yau.