Daga Gonar Wa?

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta da biskit a leda, wai abincin rana ke nan. Har yanzu na kasa zama.

Marigayiya Inna, mai dafa wa ɗalibanmu abinci a Ɗanbatta, ba ta ɗora tukunya sai ta tambaya, "Daga gonar wa?" Ranar da ɗan kwangila ya sauke kwalayen taliya, ta ce masa, "Alhaji, geron iyayensu yana rumbu, kwashe kayanka!" Ta turara dambu da zogalen gidanta, ƙamshin man gyaɗa ya hana ni koyarwa.

Na jujjuya ledar nan, babu sunan gonar kowa. Allah Ya jiƙan Inna, mu kuma Ya ba mu bakin tambaya irin nata.