Ɗakin da Tela Ya Ɗinke

Duk layin an san Tela da kafirin tsantseni. Idan ya haɗa kafaɗar riga, ko iska ba ta samun hanyar wucewa. Ya girma a kan keken ɗinki, ya yi aure a kansa, kuma tun farko surukarsa ce kaɗai a dangin matarsa ba ta taɓa raina allurarsa ba. Saboda haka da aka ce tsohuwar za ta dawo gidansa, ga ciwon gwiwa ga sanyin siminti, sai ya sayo katakon nan na laminet da ake shimfiɗa wa ɗaki, ya ce shi zai sa da hannunsa.

Maƙwabcinsa kafinta ya leƙo ya ce, "Ka dai bar masa tazarar yatsa a jikin bango. Katako yana buɗewa."

Tela ya yi godiya a baki, a zuci ya ce aikin kafintoci ke nan, su bar giɓi su ce dabara ce.

Ya sha wuya kam. Gwiwoyinsa suka goge, zarto ya yage masa babban yatsa, in ya saƙala bakin wannan sai na can ya kwance. Bangon da yake ɗauka a miƙe yake ashe karkatacce ne. Amma ya bi shi da tef ɗin awo, yana yanka yana matsewa, har katako ya rungumi bango ta ko'ina. Tsohuwa ta iso, ta taka da tafin ƙafa, ta yi ta sa albarka. Tela ya riƙa kawo baƙi kallon ɗaki.

Da ruwan sama ya sauka, katako ya sha laima, ya nemi wurin miƙewa ya rasa. Tsakiyar ɗaki ta fara tasowa kamar bayan kunkuru. Tela ya gani, ya jawo darduma ya rufe, bai gaya wa kowa ba.

Wata safiya matarsa ta same shi a bakin keke. "Baban yara, ƙofar Inna ta ƙi buɗuwa. Tun ɗazu take son zagayawa."

Katakon ya kumbura ya tokare ƙofar daga ciki. Tela ya tura da kafaɗa, ya sa zarto ta ƙasa, a banza. A ciki tsohuwa tana cewa, "Ku yi a hankali, ba sauri nake ba," kowa kuwa ya san sauri take. Dole ya je ya ƙwanƙwasa wa kafinta, idonsa a ƙasa. Kafin a cire ƙofar, matan maƙwabta sun cika tsakar gida.

Tsohuwar ta fito da sandarta, ta yafa bargo a kan zanenta duk da zafin da ake yi. Tela ya gane dalilin bargon, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kafinta ya buɗe baki zai yi maganar tazarar yatsa, sai tsohuwar ta riga shi.

"Laifina ne. Ni nake zubar da ruwan buta a wurin. Aikin ɗan nan ba shi da aibu."

Tun zuwanta ba ta taɓa shiga ɗakin da buta ba, kullum a tsakar gida take alwala don kada ta ɓata masa aiki. Tela ya sani, matarsa ma ta sani. Ya durƙusa ya fara ɓamɓare katakon, bai iya ɗaga kai ya ce ta yi haƙuri ba.